Zufar Ƙwallo

Ranar Talata, dusar ƙanƙara ta toshe bakin shago,
Doreen Wojtak ta shigo tana karkaɗe takalma,
ta dire jaka a teburina har gilashi ya amsa.
Ta ce, "Lowell, ka saya ko ka zubar, ni na gama.
Shekara talatin da ɗaya ina bolin a Milwaukee,
bana ƙwallon nan ta daina jin magana.
A da in na sake ta, takan miƙe, can ta karyo kwana
ta afka wa turakun nan goma ta bayan kunne.
Yanzu sai ta zarce sumul,
kamar mai wuce ƙofar wanda ke bin sa bashi.
Hannu ne. Tsufa ba ya sallama."

Ban ce mata ƙala ba. Na ɗaga, na juya.
Laba goma sha huɗu, shuɗiya, da ratsin madara,
ga ɗamarar ƙarzo ta zagaye ƙugunta,
sawun kowane dare da ta gangara kan katako.
Na shafa da ɗan yatsa: santsi kamar bayan tarwaɗa.

Na sa ta a akwatin ɗumi, wuta kaɗan-kaɗan,
don mai gaggawa shi ke tsaga ƙwallo gida biyu.
Minti ashirin, sai ga zufa.
Man da ake shafa wa layi kowace safiya,
wanda ta yi ta sha ba ta gaya wa kowa ba,
ya tsattsafo ɗis, ɗis, ta kafofin da ido bai gani.
Na goge, na mayar. Ta sake yi.
Sau biyar, har tsumma ya ƙoshi.

Na ce a raina, Doreen,
kin bar jaki kina dukan taiki.

Sai injin juyi. Na zaunar da ita a kwanonsa,
na yayyafa ruwa, na kama samfefa mai kaushi,
lamba ɗari biyar, wadda ba ta san lallashi ba.
Farin ruwa na gudu ta tsakanin yatsuna,
shekaru ne ke tafiya a magudana.
Fuska shida gare ta, duk da ba ta da kusurwa,
ka ƙwari ɗaya, ta rama a gaban jama'a.
Dubu ɗaya.
Dubu biyu.
A nan na tsaya.
Yaron shagona ya miƙo man ƙyalli, na ce mayar,
sheƙi na masu kallo ne,
ita haƙora take bukata ta ciji katako.

Da Doreen ta dawo ran Juma'a
na ce ta sa yatsu in gani.
Biyu suka shige. Babban ya cije a gaɓa,
gaɓar da sanyin ƙashi ya mayar kamar ƙullin igiya.
Ta kalle ni, ta ce, "Ka gani? Na faɗa maka."
Na ce, "Rabin gaskiya naki ne.
Ba ni minti goma da wuƙar ƙwaƙula."
Na buɗa ramin da kaurin farce, ba ƙari.

Layi na tara, fitilu sun soma dishi-dishi.
Ta tako huɗu, gwiwa na ƙorafi, ta saki.
Ƙwallo ta miƙe, ta miƙe, har na cire rai,
sai ta tuna hanya,
ta karyo.

Takwas suka zube.
Biyu suka tsaya ƙiƙam, nesa da juna,
kamar maƙwabtan da suka yi faɗa kan katanga.

Ta riƙe ƙugu tana hararar su.
Ba ta waiwayo ba ta ce, "Nawa ne kuɗinka?"
hannunta riga ya miƙe bakin injin,
yana jiran ta dawo.